Tambaya da Amsa: Wai Korona Ba Ta Kama Mai Jinin O?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mahaifina yana da shekara 68, ya daɗe yana fama da ciwon suga, kuma bana Allah ya nufe shi da zuwa Umra cikin azumi. Na saya masa takunkumin fuska kwali guda don ya riƙa sawa in ya shiga cunkoso, sai ya yi dariya ya ce shi jininsa O ne, kuma tun lokacin kulle wani amininsa ya turo masa saƙo a WhatsApp cewa Turawa sun bincika sun gano korona ba ta kama mai O. Hujjarsa ita ce duk abin da aka yi a 2020 shi ko mura bai yi ba. Ni kuma jinina A ne, wanda saƙon ya ce mu ta fi kamawa. Don Allah Malam, mi a gaskiyar zancen ga?

Daga wani ɗalibi, Gidan Igwai, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya kai Baba lafiya, ya karɓi ibada, ya maido muna da shi cikin ƙoshin lafiya.

Wannan saƙo na san shi. A watan Afrilun 2020, lokacin da aka fara tabbatar da cutar a nan Sakkwato, sai da ya shigo wayata daga wuri huɗu ko biyar cikin mako guda, har da wani da ya haɗa da tambayar ko zan iya gwada masa jinin iyalinsa gaba ɗaya ya san wanda zai bari ya fita kasuwa. Ni ba likita ba ne, aikina gwajin jini da ajiyarsa, kuma na haura shekara ashirin a kai, don haka duk wata magana da ta shafi rukunin jini kan biyo ta teburina ko ina so ko ba na so. Ruwa ba ya tsami banza: an yi binciken da gaske, kuma an ga wani abu. Sai dai kafin maganar ta iso wayar Baba an mai da allura garma.

Bari in fara nuna maka abin da ake nufi da A da O ɗin, don mutane da yawa suna yawo da harafin a kati ba su san daga ina ya fito ba. Idan ka zo wajena zan huda maka yatsa, in ɗiga jininka wuri uku a kan farin tayil. Akwai 'yan kwalabe uku a gabana, ɗaya ruwanta shuɗi, ɗaya rawaya, ɗaya fari kamar ruwan sha. Kowane ɗigon jini in sa masa ɗigo daga kwalba ɗaya, in gauraya da tsinke, in ɗauki tayil ɗin ina karkata shi a hankali. Kafin minti biyu za ka ga wani ɗigon ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. In na shuɗiyar kwalba ne ya tsinke, kai A ne. In na rawaya ne, B. In duka biyun, AB. In babu wanda ya motsa a cikinsu, O ke nan. Ɗigo na uku shi ke ba da alamar + ko −, wato abin da muke kira Rh. Abin da ya tsinkar da jinin wata 'yar alama ce ta sukari da ke manne a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Mai A yana da irin tasa, mai B yana da tasa, mai O ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, amma a ruwan jininsa akwai sojojin garkuwa masu faɗa da alamar A da ta B duka. Wani likita ɗan Ostiriya, Karl Landsteiner, shi ya gano wannan a 1901, aka ba shi kyautar Nobel a 1930. Kuma kada ka ce yaya Baba O kai A. Daga wajen mahaifiyarka ka ɗauko, abu ne da muke gani kullum.

Zancen alaƙar korona da rukunin jini ya samo asali ne daga ƙasar Sin a watan Maris na 2020. Masu bincike suka duba jinin majinyata 2,173 a asibitoci uku na Wuhan da Shenzhen. A cikin mutanen Wuhan masu lafiya, kusan kashi 34 cikin 100 O ne, kashi 32 kuma A. Amma a babban asibitin da suka duba, masu O a kan gado ba su wuce kashi 26 ba, masu A kuwa sun kai kusan kashi 38. Ka lura da kyau, ɗana: ko a wannan binciken da saƙon Baba ya dogara da shi, cikin kowane majinyaci huɗu ɗaya mai O ne. Wanda ya rubuta "ba ta kama su" bai karanta takardar ba, ko kuma ya karanta ya ga gaskiyar ba za ta yi farin jini ba.

A watan Yuni na shekarar wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga binciken da aka yi kan majinyata 1,980 da numfashinsu ya sarƙe a Italiya da Sifaniya. Shi ne ya fi tashe, don ya nuna haɗarin mai A ya ɗara na sauran da kashi 45 cikin 100, na mai O kuma ya yi ƙasa da kusan kashi 35. Lokacin da na karanta yadda suka yi aikin, wani abu ya tsaya mini a rai, kuma daga baya na ga masana da dama sun yi magana a kai. Da yawa daga cikin masu lafiyar da aka kwatanta majinyatan da su, masu ba da gudummawar jini ne. To mu da ke wannan aiki mun san layin masu ba da jini ba hoton gari ba ne. Mai O muke bi, shi muke kira a waya da tsakar dare, shi ke dawowa sau biyu sau uku a shekara, saboda jininsa ya fi shiga jikin mutane da yawa. In ka buɗe littafin masu ba da jini za ka tarar O sun cika shi fiye da yadda suka cika kasuwa. Kwatanta marasa lafiya da irin wannan layi zai iya sa a ga kamar O sun tsira fiye da yadda suka tsira a zahiri.

Da aka faɗaɗa binciken zuwa jama'ar gari, sai tazarar ta tsuke. A Denmak an duba mutum fiye da 470,000 da aka yi wa gwajin korona. Cikin waɗanda aka samu da ita masu O kashi 38 ne, alhali a cikin jama'ar ƙasar kashi 42 ne. A wajen kwanciya asibiti ko mutuwa kuwa ba su ga wani bambanci tsakanin rukunan ba. A lardin Ontariyo na Kanada an duba mutum sama da 225,000, aka ga haɗarin kamuwar mai O ya yi ƙasa da kusan kashi 12 cikin 100. A 2021 kuma wani bincike a jihar Utah ta Amurka da maƙwabtanta, kan mutum kusan 108,000, bai ga alaƙar ba sam. A shekarar ne dai aka haɗa bayanan ƙwayoyin halitta na majinyata kusan 50,000 daga ƙasashe 19 aka buga a mujallar Nature, inda aka sake ganin sawun rukunin jini, amma a wajen saurin kamuwa, ba a wajen tsananin ciwo bayan an kamu ba. Ni a nawa karatun, alaƙar tana nan, ƙarama ce, kuma ta tsaya a bakin ƙofa. Da zarar cutar ta shiga jiki, wasu abubuwan ne ke yanke hukunci.

Kashi 12 ɗin nan bari in mai da maka shi lissafin zaure, a matsayin misali kawai. A ce an yi ɗaurin aure, mai cutar ya shigo ya gaisa da kowa. In cikin mutum ɗari da ba O ba goma suka kamu, to cikin ɗari masu O tara za su kamu. Ratar ke nan, mutum guda. Wa zai yarda ya hau motar Illela don an ce masa tara kawai ke faɗawa rami maimakon goma?

Dalilin wannan 'yar rata, masana sun kawo bayani biyu da suka fi kama hankali. Na farko, ƙwayar cutar kan fito daga jikin wanda ta kama da ɗan ɓurɓushin alamar jininsa a jikinta. In ta fito daga mai A ta faɗa wa mai O, sai ta tarar da sojojin nan masu faɗa da A suna jiranta, wani lokacin su tare ta. In kuwa daga mai O ta fito zuwa mai O, babu wanda zai tare ta a wannan ƙofar. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don kusan rabin 'yan Najeriya O ne. Wanda zai yi wa Baba tari a sahun salla a nan Sakkwato, akwai yiwuwar shi ma O ne ɗan'uwansa. Na biyu, wanda ya fi shafar tsananin ciwo fiye da kamuwa, jinin mai O bai kai na sauran saurin daskarewa a jijiya ba, saboda wani sinadarin daskarar da jini ya fi ƙaranci a jikinsa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ita kuwa korona mai tsanani tana jawo gudajin jini a huhu. Irin wannan alaƙa tsakanin rukunin jini da cuta ba baƙuwa ba ce. An daɗe da sanin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya fi sassauta wa masu O, kwalara kuma ta fi galabaitar da su. Ban taɓa jin mai O ya ce zai kwana waje ba gidan sauro cikin damina don jininsa O ne ba.

Ni da nake rubuta maka wannan O+ ne. A watan Janairu na 2021, ana tsakiyar hunturu, na tashi da ciwon jiki da ɗan zazzaɓi, na ce ai sanyi ne da ƙura. Ranar ta uku uwargida ta kawo tuwo da miyar kuka, wadda daddawarta kan iso zaure kafin kwanon ya iso. Na buɗe kwano na sunkuya, ban ji komai ba. Na ce ko dai yau ba a sa daddawa ba? Ta dube ni ta ce har ƙari ta yi. Na ɗauko kwalbar turarena na shafa a hannu na kai hanci, kamar ruwan randa. Washegari aka zura mini tsinken auduga a hanci, sakamako ya dawo ina ɗauke da ita. Kwana goma sha huɗu na yi a ɗakin baƙi ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ƙanshi kuwa sai da ya yi kusan wata biyu kafin ya dawo daidai. Abokin aikina da muke zama benci ɗaya A+ ne, shi ya ɗebi jinina ma a makon, bai ji ko ciwon kai ba. Labarin mutum biyu ba hujja ba ne a ilimi, na sani. To haka ma labarin Baba na cewa bai yi ko mura ba. Mutane da yawa sun kamu sun warke ba su sani ba, kuma gwaji a lokacin bai wadata ba, sai wanda ya kwanta ko ya yi hulɗa da wanda aka tabbatar.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka lambobi biyu ne da ka ambata ka wuce: shekara 68 da ciwon suga. Su ne ke gaba a jerin abubuwan da ke sa korona ta kwantar da mutum, tare da hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da ƙiba. A Amurka, kusan 8 cikin kowane 10 da ta kashe a 2020 masu shekara 65 ne zuwa sama. Kai da kake A kana saurayi mai lafiya, haɗarinka bai kama ƙafar na Baba mai O ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona a ranar 5 ga Mayu, 2023, amma cutar tana nan tana zagayawa tare da mura da sauran cututtukan numfashi, kuma duk wanda ya taɓa tarbar alhazai a filin jirgi ya san tarin da ake dawowa da shi.

Don haka kafin tafiya Baba ya ga likitan da ke duba sugansa, a auna, a daidaita masa magani da azumi da zafin Makka, a kuma duba katinsa na riga-kafi a gaya masa abin da ya rage. Magungunansa su kasance a jakar hannu. Takunkumin ya sa a jirgi, a mota, da cikin cunkoson tarawihi. Batun ko mai harama zai rufe fuska, wannan na malamai ne, ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, ni ba zan yi shisshigi ba. Amma harama ta 'yan sa'o'i ce, sauran kwanakin duk a cikin taro zai yi su. In ya ji zazzaɓi ko numfashi na yi masa nauyi, ko suga ta ƙi sauka, ya nufi asibiti a ranar, kada ya ce sai an dawo gida.

Wata shawara kuma: kada ka tsaya gardama da shi. Dattijo ba ya son ɗan da ya haifa ya ci shi gyara, musamman a gaban mutane. Ka kai maganar wajen likitansa ko wani amininsa da yake jin nauyi, ko ka bar mujallar nan a buɗe kan dardumarsa bayan la'asar ka fita abinka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mun je gwajin aure ni da wanda zan aura, aka ce ni AA ce. Ƙawata ta ce masu A korona ta fi kamawa, to ni mai A har biyu yaya ke nan? Wallahi hankalina ya tashi.

Daga wata ɗiyarka, Mabera.

AMSA: Ɗiyata kwantar da hankalinki, wannan AA ɗin abin a yi miki barka ne. Ƙawarki ta haɗa abu biyu da harafi kawai ya gama su, kuma ba ita kaɗai ba ce, kusan kullum sai na tambayi wani rukunin jininsa ya ce mini AS. Rukunin jini shi ne A, B, AB ko O, alamar da ke bayan ƙwayar jini, kuma shi ake dubawa in za a yi ƙarin jini. AA, AS da SS kuwa jinotayif ne, suna nuna irin sinadarin da ke cikin ƙwayar, wanda ke ɗaukar iska ya kai wa jiki, kuma shi ake dubawa saboda sikila. Mutum zai iya zama AA kuma O, ko SS kuma A. Ke AA ce, ma'ana ba ki ɗauke da sikila, ko da mijin AS ne ba za ku haifi mai SS ba. Zancen A da korona bai shafi wannan takardar taki ba ko kaɗan. Waɗanda ya kamata a yi kaffa-kaffa da su masu SS ne, don duk ciwon da ya taɓa huhu yakan tayar musu da ciwonsu. Ki sake duba takardar, galibi akan rubuta rukunin jini a wani layin daban. Allah ya sanya alheri.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da cikin fari wata biyar. A wajen awo an ce jinina O− ne. Mijina ya karanta cewa mu ne korona ta fi ragawa, ya ce na yi sa'a, amma na ga ma'aikaciyar ta ja layi da jan biro a katina. Me ke nan?

Daga wata matar aure, Runjin Sambo.

AMSA: Maigidanki ya karanta daidai, binciken Kanada da na ambata a sama ya ga masu alamar − sun ɗan fi tsira daga kamuwa. Amma jan biron nan ya fi wannan sa'ar muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma ma'aikaciyar ta yi aikinta. Masu alamar − kaɗan ne a ƙasar nan, ba su fi kamar mutum biyar cikin ɗari ba, don haka da wuya in mijinki ba + ba ne. In jaririn ya ɗauko + na babansa, jininsa kan ɗan gauraya da naki wajen haihuwa, sai jikinki ya ɗauke shi baƙo ya haɗa sojojin faɗa da shi. Cikin fari galibi yakan tsira. Na biyu da na uku ne sojojin ke ratsa mahaifa su farfasa jinin jariri, a haife shi da shawara mai tsanani ko ƙarancin jini, wani lokacin cikin ya zube. Na ga matan da aka yi ta kai wa wajen masu magani ana cewa wabi ne ko iska, alhali amsar tana kan tayil ɗina cikin minti biyu.

Akwai allurar da ke hana wannan, ana kiranta anti-D. Ana yin ta cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa in an gwada jariri an ga + ne, likitoci da yawa kuma kan ba da ɗaya tun ciki na wajen mako 28, haka nan bayan ɓari ko zubar jini. Tana da tsada kuma ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba, ga shi sai a firji take zama, don haka ku tambayi likitarki tun yanzu inda za a samu, ku fara tanadin kuɗinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maigida ya zo a gwada shi, in shi ma − ne to an huta da wannan fargabar. Sannan ku haihu a asibitin da ke da ma'ajiyar jini, domin ke jinin O− kaɗai za a iya ƙara miki, shi kuwa sau da yawa firjinmu kan wayi gari babu ko leda ɗaya. Cikin 'yan'uwanki na ciki ɗaya a gwada kowa tun yanzu, in an dace da mai irin naki a karɓi lambarsa a rubuta a bayan katin awon, kusa da jan layin.